Ƙwaya Biyu Farare

Zuwa ga ƙanwata Malama Nas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya marasa lafiyarki? Mu nan lafiya lau, in ban da bayana da ke ƙara duk lokacin da na tashi daga kan keken ɗinki. Gwaggo na gaishe ki. Tana nan a gurbinta, bakin tagar bayan shago, gwangwanin maɓallai a cinya, tana kalmasa min bakin riguna tana kushe ɗinkina. Jiya a gabana ta ce wa wani mai wando, da ita ta yanka da bai fito kamar buhu ba.

Na san za ki ce yau kuma me ya tuna wa Yaya Tela da ni. Gaskiya ne zumuncinmu sai an zauna an lissafa, kakana da kakarki ne wa da ƙanwa. Amma Gwaggo ta riƙe ki duk shekarun makarantarki a gidan nan, don haka ba ki da wurin gudu. Har yau tana cewa masu allura biyu ta raina, ɗaya na huda yadi, ɗaya na huda bayin Allah.

Maganar maganinta ce, wafarin ɗin nan na tsinka jini da likita ya ɗora ta a kai tun da aka gano zuciyarta ba ta bugawa daidai. Mai kemis ɗin layinmu ya ce ya yanke a kasuwa, bai san ranar zuwansa ba, na gida kuma ya kusa ƙarewa. Tunda ke a sashen masu shan irinsa kike aiki, ko za ki samo mana? Takardar asibiti ta ce biyar take sha kowace yamma. Ko biyar ɗin mece ce, ku kuka sani.

Sai ta biyu, kuma kada ki yi min faɗa. Gwajin jinin nan na wata-wata ya gallabe mu. Mu fita da sassafe, a zaunar da tsohuwa a kan benci marar majingina har rana ta take, a ɗebi jinin da bai cika cokali ba, a ce lambarta daidai take, mu dawo wata mai zuwa. Shekara guda ke nan amsar ba ta canja ba. Ga shi ɗinkin kayan 'yan makaranta ya yi min rubdugu. In muka tsallake na wannan watan, akwai laifi? Ba don ina da nas a dangi ba, da ban ma tambaya ba.

Ki ba direban da ke kawo min zare amsa, shi ya kai miki wannan.

Yayanki,
Tela

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka, na yi ta dariya ni kaɗai a ɗakin canja kaya har wata abokiyar aikina ta leƙo. Lafiyata ƙalau. Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce mai wandon nan ya gode wa Allah da ta tsaya a buhu.

Dariyar ba ta daɗe ba, kunya ta biyo baya. Shekara nawa ina cewa hutu mai zuwa zan zo? Matar da ta ɗinka min kayan makaranta da hannunta, sai ga shi sai magani ya yanke nake jin labarinta. Ban kyauta ba, na sani.

Ga saƙo nan a hannun direba: rigar sanyi, tabarau don sa zare a allura, da maganin wata uku. Na zare katunan maganin daga kwalayensu na cusa a hannun rigar, don ƙunshin ya ƙi ɗauruwa. Shi ne dai wafarin ɗinta, kamfani ne kawai daban. Biyar ɗin nauyin maganin ne, kada ya dame ka.

Aikin nan namu, Yaya, kamar awon wuyan riga ne, ba ya son ragi ba ya son ƙari. In maganin ya yi kaɗan, jini ya yi guda ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya shanye. In ya yi yawa, jini ya tsinke ya ƙi tsayawa. Kullum daga safe mutane na layi a gaban teburina, in duba lambarsu, in yi musu tambayoyi ukun da na haddace har a mafarki. Akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa da ke amsa min tun kafin in buɗe baki: “Babu, babu, babu. 'Yata, sallame ni.”

Maganar gwaji, da a teburin nan wani ya tambaye ni, a'a zan ce masa kai tsaye. Amma shekara guda lamba ba ta motsa ba, kuma na san irin bencin nan, na san gwiwoyin Gwaggo. Ku tsallake na wannan watan. Ɗaya tak fa, Yaya.

Ƙanwarka,
Nas

*

Zuwa ga ƙanwata Malama Nas,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Gwaggo ta ɗora tabarau ta ƙare min kallo ta ce, “Ashe haka ka tsufa ba wanda ya faɗa min?” Rigar sanyin kuwa ta ƙi cire ta, tana gumi tana cewa ba ruwan kowa.

Maganin na ɓare na zuba a 'yar kwalbar da na saba, don yatsunta ba sa iya ɓare kati. Kada ki ce na yi garaje. Sai da na ɗauki tsohuwar ƙwaya da sabuwa na kai bakin taga, na kara su a haske yadda nake kara zare da yadi. Fari ɗaya, girma ɗaya. Idona bai taɓa ba ni kunya a kan launi ba. Biyu-biyu take sha kowace yamma kamar kullum, ba fashi.

Yanzu ga labari. Gwaggo ta ce sai ta rama alheri. Ta sa na yanko farin yadin da ya fi kowanne kyau a shagon, za ta ɗinka miki rigar aiki da hannunta, ba ta yarda keke ya taɓa ta ba. Awonki wai yana kanta, ta ƙara kaɗan don ta ji an ce nas-nas ƙiba suke yi. Shekaranjiya tana kan aljihun ƙirji allura ta soke ta a yatsa. Kin san irin wannan sukar, a tsotsa a ci gaba. To wannan ya ƙi. Muka ɗaure da ƙyalle ya jiƙe, muka sake wani ya jiƙe. Ina cewa, “Gwaggo, ɗaga hannun sama,” tana cewa, “Rabu da hannuna, ceci rigar!” Ban cece ta ba, sai da ya ɗiga a kan aljihun. Na wanke da ruwan zafi da sabulu, tabon ya ƙara samun wurin zama.

Tsohuwar taki dai rigima sai ƙaruwa take. Buroshin da na sayo mata wai ya yi tauri, kullum sai ta tofar da ja, ta ce in mayar wa mai shi. Ga wani baƙin tabo a damtsenta, ta rantse ni na buge ta da ƙofar kabad, ni kuwa ban tuna ba.

Ke da kike fama da jini kullum, me ke fitar da shi daga farin yadi? Ki taimaki Yayanki, an hana ni sakat a gidan nan.

Tela

*

Yaya Tela,

A tsaye nake rubuta wannan, direba na ta danna min oda. Lafiya lau nake, aiki ne ya yi mana yawa, mutum biyu sun tafi hutu.

Wayyo Gwaggo! Rigar ɗinkin hannu, ni? Ka ce mata saura kaɗan in yi kuka. Kai kuma tela guda ka sa wa jini ruwan zafi? Ruwan sanyi da gishiri ake jiƙawa, kuma kada dutsen guga ya hau kai sai ya fita. Ka sayo mata buroshi mai laushi, ka daina buge mana tsohuwa da ƙofa.

Ƙanwarka,
Nas

*

Malama Nas,

Gaisuwa. Gwaggo na asibiti.

Ranar Litinin da safe haɓo ya ɓalle mata ya ƙi tsayawa. Ta miƙe za ta shiga bayi ta yanke jiki ta faɗi. Ashe kwana da kwanaki bayan gidanta baƙi ne wuluk, kunya ta hana ta faɗa min. An yi mata allura, an ƙara mata jini.

Likita ya ce lambarta ta wuce inda na'urarsu ke iya karantawa. Ya ce in kawo maganin. Na miƙa masa kwalba, ya ce ina kwalin, na ce babu. Na koma gida na tono katin da na ɓare daga kwandon ƙyallaye. Ya duba ya ce kowace ƙwaya ɗaya biyar ce. Na da, kowace ƙwaya biyu da rabi ce, shi ya sa ake ba ta biyu. Ya ce ninki biyu take sha tun ranar da saƙonki ya iso. Ya tambayi abin da ya hana mu zuwa gwaji. 

Tana numfashi, tana gane mutane. Abin da ke nan.

Tela

*

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Direba ya zo ya sake zuwa hannu rabbana. Na tambaye shi ko ya ba ki takardata, ya ce hannu da hannu. To, na gane. Da ni ne ke, ni ma ban san me zan rubuta wa mutumin da ya yi wata guda yana ɗura wa tsohuwa guba da hannunsa ba.

An sallamo Gwaggo. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta koma tagarta, ta sake ɗaukar rigarki, saura maɓallai. Tabon aljihun ya dushe, bai fita duka ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma ya hana ni cin abinci. Ranar sallama likita ya ba ni sabon magani a kwalinsa. Ya ce ta huta sati guda, sannan ta koma ƙwaya ɗaya kowace yamma, mu riƙa zuwa gwaji duk sati. Satin ya cika tuni. Ranar na ɗebo ruwa a kofi, na ɓare ƙwayar, na taho har bayan kujerarta. Sai na tuna zanin gadonta ranar Litinin ɗin nan, da yadda na ɗauke ta ba nauyi. Hannuna ya ƙi miƙewa. Na juya na shanye ruwan da kaina.

Tun daga ranar ban ba ta ko ɗaya ba. In ta ce, “Kai, ina maganina?” sai in ce likita ya ce a ƙara jira. Gwajin ma ba mu koma ba, don ban san da wane ido zan kalli mutumin nan ba.

Ni dai a ganina lafiyarta ƙalau yanzu. Buroshi ba ja, ba sabon tabo. Jiya ma allura ta soke ta, ta tsotsa ta ci gaba, sai da na ji kamar in yi rawa. Watakila jikinta ba ya son abin nan ne tun farko.

Ba na neman ki yafe min. Ki dai ce wani abu, ko zagi ne.

Yayanki,
Tela

*

Yaya,

Kada ka karanta sauran takardar nan a zaune. Rufe shago, ɗauki kwalin maganin da takardar sallama, ka kai Gwaggo asibiti yau. Ka faɗa wa likita tun yaushe ba ta sha ba, kada ka rage ko kwana ɗaya. Kada ka ba ta komai da kanka sai sun gwada. In ka ga bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada ka tsaya neman takalmi. Zuciyarta ba ta warke ba, Yaya. Jinin da ka ga ya tsaya a yatsa haka yake iya tsayawa a cikin kai. Na yi ta kiran wayar mai kemis don ya sanar da kai, ba ta shiga.

Yanzu sauran. Ba fushi ya sa na yi shiru ba. Wallahi ko sau ɗaya ban ga laifinka ba. Layi ɗaya na gani a takardarka, “tun ranar da saƙonki ya iso,” na ɗauka ka gama yanke min hukunci, kuma na san gaskiyarka ce. Na fara amsa na yaga ban san sau nawa ba. In na hango direba a ƙofar asibiti sai in bi ta baya.

Ka san tambayoyi ukun da nake wa kowa a teburina? Ko dasashi na jini. Ko wani tabo ya fito ba tare da an bugu ba. Ko an yanke jini ya ƙi tsayawa. Duka ukun ka rubuto min a shafi ɗaya, har ka ƙara da cewa biyu-biyu take sha. Ni kuma na amsa maka da gishiri da ruwan sanyi. Da baƙo ne ya faɗa min rabin wannan, da ban bar shi ya fita daga ɗakin ba. Amma da yake kai ne, da yake Gwaggo ce, sai na karanta kamar hirar tsakar gida. Rigata na gani, ban ga yatsan ba.

Ni ce ke korar mutane gida su ɗauko kwali, ni ce kuma na jefar da na Gwaggo don ƙunshi ya ɗauru. Ban tambaye ka ƙwaya nawa take sha ba. Na ce ku tsallake gwaji don ina so in yi mata wani abu mai daɗi daga nesa, tunda na kasa zuwa. Kai launi ka sani, ka kuma duba shi iyakar saninka. Lamba aikina ce.

Wancan satin tsohon direban jirgin ya zo, ya fara “Babu, babu” ɗinsa. Na ce ya naɗe hannun riga in gani da idona. Ya naɗe, ba komai, amma na ci gaba da juya damtsensa ina dubawa. Ya ce, “'Yata, wa ke ba shi da lafiya a gida?”

Mafi muni shi ne shirun nan. Ina can ina jinyar kunyata, na bar ka kai kaɗai da kofi a hannu. Tashi ka tafi, don Allah.

Ƙanwarka,
Nas

*

Zuwa ga ƙanwata Malama Nas,

Wa'alaikumus salam, ko da yake a wannan karon kin manta sallamar. A bakin gadon asibiti direba ya same ni da takardarki. Ta makara da kwana biyu.

Da hantsi ne, ina kan keke. Na ji gwangwani ya faɗi, maɓallai suka watse har ƙarƙashin tebur. Na juya zan tsokane ta, sai na ga hannunta na dama a kan cinya kamar ba nata ba, baki ya ja gefe guda. Tana son kiran sunana ya ƙi fita. Ban tsaya neman takalmi ba, ko da ban karanta ki ba tukuna.

Na faɗa wa likita komai. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce gudan jini ne, ƙarami, mun yi saurin zuwa. Maganarta ta dawo, sai ɗan nauyi. Ƙafa na takawa. Hannun ne bai dawo ba. Ana koya mata matsa ƙwallon roba, amma da na tambayi mai koyarwar maganar allura sai ta kau da kai.

Da muka dawo gida na durƙusa na gaya mata cewa likita bai taɓa cewa a ƙara jira ba, ni na ƙirƙira. Ta ce, “Na sani. Kwalin na kan kabad, da tabarau ɗin 'yar nan har kwanan watan jikinsa ina gani. Ni ma tsoro nake ji, shi ya sa ban matsa maka ba.” Sai na karanta mata takardarki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Ku biyun nan kun ishe ni. Kowa na wawar laifi kamar ana rabon yadi. Ku rage min nawa, ni ce na ɓoye abin da na gani a bayi.”

Yanzu ga yadda muke yi. Na jefar da kwalbar. Kowace yamma in ɗauko kwali, in karanta lambar da ƙarfi, ta maimaita, sannan ta sha. Hannuna yanzu yana miƙewa. Ranar gwaji in rufe shago, in ɗauki matashin kujera don bencin nan. Masu ɗinki su jira ko su canja tela.

Tana nan a tagarta. Da hannun hagu take ware min maɓallai, fari gefe, baƙi gefe. Wani lokaci sai in ga ta ɗauki allura tana juyawa, ta ajiye. A lokacin nake ƙara taka keke don kada ta ji ni.

Rigarki na rataye a ƙusa kusa da ita, saura maɓallai uku na ƙasa. Na ce in ƙarasa in ba direba. Ta ce ba keke, ba hannuna, ba direba. Wai ta koya miki ɗinka maɓalli tun kina 'yar makaranta, mai riga ta zo ta ƙarasa abarta.

Yayanki,
Tela

*

Zuwa ga Yaya Tela,

Assalamu alaikum, ga sallamar da na ci bashi. Ya jikin Gwaggo? Ya naka bayan?

Na karɓi hutu, ban ma jira an gama sa hannu ba na fara haɗa jaka. Da direban zan taho a zuwansa na gaba. Ranar gwaji ka buɗe shagonka, ni zan kai ta, ni zan zauna a bencin.

Kada ka sake wanke rigar. Tabon nan a kan aljihun biro yake, inda hannuna ke zuwa duk lokacin da zan rubuta wa wani lambarsa. Haka zan sa ta in zauna a teburina.

Ka ce wa Gwaggo ta zaɓo maɓallan ta ajiye. Ni zan ɗinka, ita ta kushe.

Ƙanwarka,
Nas